Dokin Ƙofar Gidan Kalilu

Ranar da labarin ya iske Mariyamu tana Maraɗi, gidan ɗiyarta Salmatu, inda ta je yi mata wankan jego. Tana tsugune bakin murhu tana dama kunun kanwa sai ga ƙanenta Ya'u ya yi sallama, taɓo har gwiwa, babur ɗinsa na huci a waje.

"Yaya, ɗauko mayafinki. Malam Kalilu ne ba ya jin daɗi."

"Mi ya same shi?"

"Jiki ne dai."

Mariyamu ta dube shi. Ya'u mutum ne da ko uwarsu ce ke kwance sai ya leƙa tanki ya auna mai kafin ya tada babur. Ba zai ƙetaro iyaka don "jiki ne dai" ba. Amma ba ta ƙara tambaya ba, domin wanda aka aiko da irin wannan saƙo ba ya faɗi, wanda aka kawo wa kuma ba ya matsawa. Ta miƙa wa uwar mijin Salmatu ludayin, ta hau bayan babur.

A Magama, inda manyan motoci ke jere suna jiran a duba su, Ya'u ya tsaya gaisawa da masu kaki. Wata mai fura da ta san Mariyamu ta taso tana goge hannu a zane.

"Mairo, ya haƙuri? Allah shi jiƙan Malam. Katanga ce aka ce ko?"

Ya'u ya harare ta. Ta rufe baki da tafin hannu, ta koma kan ƙwaryarta. Haka Mariyamu ta ji mutuwar mijinta, a bakin titi, tsakanin tayoyin motocin da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa faci. Kafin su isa cikin Jibiya an riga an kai shi.

Don a gane yadda katanga ta kashe mai faci da rana tsaka, sai an koma kan kududdufi.

Layinsu lungu ne da ba ya ɓullewa. A bakinsa akwai kududdufi tun na kakanni, inda aka haƙi ƙasar da aka gina unguwar. A ƙarshensa gidan Kalilu ne ya toshe shi. Duk abin da sama ta zubo kududdufin ke shanyewa, ɗan abin da ya rage ya bi wata siririyar kwata ta gefen gidan Kalilu ya faɗa kwalbatin titi. Kwatar nan akuya na tsallake ta ba ta san ta tsallake komai ba.

Ba mai son kududdufin. Sauro ne, kwaɗi ne, leda ce, mushen kaji ne. Saboda haka da Alhaji Badaruddeen, wanda ya yi arziki da ƙetarar da mai, ya sayi wurin ya ce makaranta zai gina, kowa ya yi murna. Kalilu ya fi kowa. Shi ke nuna wa direbobin tifa inda za su juye ƙasa, ya kwashe tsofaffin tayoyinsa ya zuba a ramin da hannunsa.

"Mairo, ilimi ya zo mana har ƙofar gida," in ji shi.

Ilimin ya zo, amma bai shigo layin ba, don ba gidan da zai iya sa ɗansa a can. Aka tada bene, aka yi rufin kwano shuɗi mai faɗin rumfunan kasuwa, aka dabe tsakar makarantar da siminti kaf, ba inda ɗigon ruwa zai sami ƙasa ya shiga. Indararo duka aka juyo da bakinsu cikin layi, domin Alhaji ba ya son taɓo a inda iyayen yara ke ajiye mota. Aka jera bayan gida na zamani masu ja da ruwa. Da aka zo haƙa ramin da ƙazantar za ta taru, ba a yi nisa ba ruwa ya ɓullo daga ƙasa, sai aka bar shi ƙarami, aka jawo bututu aka haɗa da kwatar layi. An ce na ɗan lokaci ne. Aka kafa allo, Hasken Iyaka Intanashinal, saboda akwai 'ya'yan wani ɗan kasuwa da ake kawowa daga Maraɗi.

Ruwan farko na daminar shekarar ya nemi kududdufinsa bai gan shi ba. Ya sauko daga rufin makaranta kamar ana juye duro, ya haɗu da abin da bututu ke fitarwa, ya cika kwata, ya cika layi, ya shiga kowane zaure ba sallama. Warin ya kwana biyu a tabarmi.

Maza suka taru suka tafi wurin Alhaji, fuska a murtuke. Suka dawo suna ƙamshin turare, da katan ɗin lemo a ka. Nagoggo mai sayar da mai a jarka, wanda ya fi kowa ɗaga murya da za a tafi, ya dawo a matsayin shugaban kwamitin maƙwabta. Wasu jami'an gwamnati masu farar mota ma sun zo duba kwatar. Sun duba ta daga cikin mota, suka shiga makaranta suka ci abinci, suka tafi.

Nagoggo ne ya fara. Wata safiya aka wayi gari ya sa an ɗora layin bulo a dokin ƙofarsa. Bai shawarci kowa ba, bai gaya wa kwamitinsa ba. Da ruwa ya sake zuwa ya sunsuni ƙofar Nagoggo ya wuce gidan Abdu tela, da rabonsa da na Nagoggo. Abdu ya sayo bulo ya ɗara na Nagoggo. Na kusa da shi ya ɗara na Abdu. Kafin damina ta biyu shiga gida a layin ya zama kamar hawa bayan a-kori-kura. Tsofaffi sai an kama hannunsu, amaryar da aka kawo gidan Abdu sai da ƙawaye suka cicciɓe ta, awaki suka daina kwana a gida. Ba wanda ya taɓa ce wa maƙwabcinsa ka turo mini ruwa. A masallaci ake haɗuwa, wando a nannaɗe.

"Ina ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

Kalilu kaɗai bai ɗaga ba, kuma ba don ya fi su hankali ba. Yana da injin ba taya iska mai ƙafafu, wanda yake turawa bakin titi da safe ya turo shi zaure da yamma.

"Malam, kowa ya ɗaga sai mu."

"In na ɗaga, injin a kanki zan riƙa ɗora shi?"

"Ka bar shi bakin titi."

"In bar wa ɓarayi? Ke dai Mairo, ruwa baƙo ne, wucewa zai yi."

Sai ya fasa rariya a gindin katangar baya, wai ruwan ya shigo ta gaba ya fita ta baya. Bulon da ta matsa masa ya sayo, ƙafafun gado ya ɗora a kai. Ruwan makaranta da na kowane gida a layin ya sami hanya ta tsakar gidan Mariyamu, tsakanin murhu da turmi. Ta koyi girki a kan tebur. Katangar baya ta ƙasa ce, ta sha ta sha, gindinta ya yi baƙi, ba ta bushewa ko an yi rana.

Hauwa'u matar Nagoggo ce ta ba Mariyamu labarin ranar da katangar ta faɗi, suna zaune a ɗakinta. Bayan azahar aka tsuge da ruwa. Leda da kwalin biskit da takardun yaran makaranta suka toshe rariyar, ruwa ya kawo cinya. Kalilu ya ɗauki diga ya je faɗaɗa ramin. Bai yi sara da yawa ba katangar ta zauna a kansa.

"Mun ji ƙarar fa, Mairo. Amma kin san kafin mutum shi sauko daga dokin ƙofar nan, ga ruwa kuma."

Mariyamu ta ce ta sani.

Ranar addu'ar uku Alhaji Badaruddeen ya zo. Mota ba ta shiga layin, sai ya tattare babbar riga yana zaɓen inda zai taka. Daga bayan labule Mariyamu ta ji muryarsa a zaure.

"Kwana ne ya ƙare. In kwana ya ƙare, ko a kan katifa mutum yake sai ya tahi."

Maza suka amsa da haka ne. Ita ma ba ta musa ba. Ta yarda kwanan Malam ne ya ƙare. Amma ta san warin da ke jikin digar da aka jingine a bayan ɗakinta, ta kuma san daga bayan gidan wa ya fito.

Ba a yi sati ba Ya'u ya shigo yana sosa ƙeya.

"Yaya, Alhaji ya yi magana. Ya ce in kin yarda zai sayi gidan."

"Shi yi mi da shi?"

"Rami zai haƙa babba, ruwan shi sami wurin zama. Ke kuma ki dawo Bugaje, ɗaki na nan kusa da na matata."

"Wato ya cike kududdufin kakanni, yanzu gidan Malam zai mayar kududdufi."

"Ba haka ya ce ba."

"Haka ni na ji."

Gidan nan aka kawo ta amarya. A nan ta binne cibiyar Salmatu, ba ta san hayaƙin wani murhu ba. In ta bar shi, abin da ya rage mata shi ne zama a gindin matar ƙanenta tana jiran a zuba mata tuwo. Ta kira Salmatu a waya, Salmatu ta ce, "Inna, yadda kika ce." Mariyamu ta ce wa Ya'u ya gaya wa Alhaji an gode.

Ya'u ya tsaya a bakin ƙofa. "Damina ba ta ƙare ba fa, Yaya. Ruwa biyu nan gaba ɗakin nan ma zai bi katanga. Sannan ba mai saye, kyauta za a ɗauka."

Wannan ta san gaskiya ce. Ta duba gindin ɗakin, shi ma ya fara baƙi.

Alhaji bai yi fushi ba. Mutum ne mai son a ji alherinsa, kuma maganar katanga ta fara yawo a tasha. Ranar Juma'a bayan an sallame ya karɓi lasifika ya sanar cewa zai yi wa marigayi Malam Kalilu sadaka, zai gina wa iyalinsa dokin ƙofa kamar na kowa, har ma ya fi. Aka yi ta sa albarka.

Washegari Ɗanmaraya magini ya iso da bulo da siminti. Mariyamu ta yi masa magana ta bayan labule, ta ce katangar baya ce a ƙasa, ko zana ba ta da ita.

"Hajiya, baya wa zai gani? Alhaji gaba ya ce."

Ya gina dokin ƙofar ya ɗara na kowa a layin, ya shafe da siminti, ya yi masa fenti shuɗi irin na makaranta. Liman ya zo, maza suka tsaya, aka shafa fatiha, aka roƙi Allah Ya kai ladan kabarin mamaci. Injin Kalilu na cikin zaure, ya zama ba shi da hanyar fita sai ta inda maigidansa ya mutu. Mariyamu ta leƙa bayan sun watse. Gida ba baya, ga ƙofa kamar ta banki.

Ruwa na gaba da la'asar ya zo. Tana zaune a zaure kusa da injin tana jin sa yana gangarowa. Ya iso ƙarshen layi inda ya saba shiga, ya daki shuɗin siminti ya tsaya. Siririyar kwata ta ɗauki abin da za ta iya, wanda ba wani abu ba ne. Saura ya taru, ya hau, ya juya. Ya bi layin yana lasar ƙofa ƙofa, kowace a ɗage. Ƙofa ɗaya ce tak a unguwar ba ta da doki, babbar ƙofar makaranta, domin motar Alhaji da motar ɗaukar yara ba sa hawa bulo. Tsakar makarantar kuma ta ɗan lotsa, tunda ƙasar da aka cike ta da ita rabi shara ce da tsofaffin tayoyi. Ruwa ya shiga ya baje. Ramin bayan gida ya cika ya tumbatsa ya haɗu da shi. Da gari ya waye kwaɗi na kuka a gindin sandar tuta, kamar ba su taɓa tashi ba. Makaranta ta ba da hutu.

Da hantsi aka yi sallama. Nagoggo ne da Abdu tela da shugaban makarantar, mai takalmi a hannu. Tana takaba, ba ta fito ba, ta zauna daga cikin zaure. Su kuma suna waje, ruwa a ƙauri, dokin ƙofar ya kawo musu ƙugu.

"Mairo, ya ƙarin haƙuri?" in ji Nagoggo.

"Da godiya."

"Shawara ce muka zo da ita, ta maƙwabtaka. Tunda dai bayan gidan a buɗe yake, in an ɗan fasa nan, ruwan zai wuce abinsa. Ba abin da zai taɓa."

"Shi bi ta ina?"

"Ta tsakar gida. Kamar da."

"Kamar da," in ji Mariyamu.

Shugaban makaranta ya gyara murya. "Hajiya, karatun yara ne ya tsaya. Na ɗan lokaci ne, kafin a yi gyara."

"Malam Nagoggo, naka ya fi kusa da makaranta. Mi zai hana a fasa shi?"

"Ai nawa bayansa a rufe yake, ga iyali."

"Nawa ma da a rufe yake."

Mariyamu ta san in suka ce sai sun fasa ba ta da namijin da zai tare su, kuma ta san ɗakinta ba zai kai kaka ba. Ta dafa injin ta ce abin da ya zo mata.

"Ni dai ba ni na gina ba. Sadaka ce Alhaji ya yi wa Malam, liman ya shafa fatiha, dukanku kuna tsaye. Wanda zai iya fasa sadakar mamaci, diga na can baya inda Malam ya bar ta. Shi zagayo shi ɗauka."

Nagoggo ya dubi Abdu. Abdu ya ce shi tela ne, bai iya riƙe diga ba. Shugaban makaranta ya ce shi baƙo ne a garin, ba ya shiga maganar mamatan mutane. Suka tafi neman liman ya ba su mafita, aka ce liman ya tafi Farfaru gaisuwa, ba a san ranar dawowarsa ba. Aka kira Ɗanmaraya, ya ce shi gini aka sa shi, kuma yana da 'ya'ya, ba zai sa hannu a abin da aka kai ladansa kabari ba. Alhaji kansa, da ya faɗa a lasifika gaban jama'ar Juma'a, ba shi da bakin da zai ce a rushe.

Aka sake ruwa, aka sake. Nagoggo ya ƙara layin bulo har sai da aka kafa masa matakala. Iyayen yara suka fara tambayar wasu makarantu, ɗan kasuwar Maraɗi ya kwashe nasa. A lokacin ne aka ga motar haƙa ƙasa ta iso. Aka ja babban lambatu daga bayan makaranta, mai zurfi, da siminti, wanda da tun farko aka yi shi da Kalilu na bakin titi yana zagin direbobi. Ranar buɗewa aka kafa rumfa, aka raba lemo, aka sa allo mai cewa kyauta ce daga Alhaji ga al'umma. Nagoggo ya yi jawabi a madadin kwamiti.

Lambatun bai kai kwalbati ba. Ya ƙare a bakin unguwar masu gawayi da ke bayan makaranta. Kafin damina ta janye an fara ganin amalanken bulo na shiga can.

Da kaka ta yi Ya'u ya zo da mijin Salmatu. Suka fitar da injin ta baya aka sayar, suka kwaɓa ƙasa suka tada katangar, Ya'u na mita yana cewa ɗakin Bugaje ya zuba gero a ciki, kada wata rana a ce masa komai. Mariyamu ta fita takaba a gidanta. Ba ta taɓa dokin ƙofar ba. Gwiwarta ba ta son sa, sai ta zauna a kai ta juya ƙafa ɗaya bayan ɗaya kafin ta fita. Amma faɗinsa ya yi daidai da faranti, a kansa take jera awara, masu gadin makaranta da direban motar yara suna saye.

Mutanen layi suna gaishe ta da girmamawa, suna ɗan sauri. Hauwa'u ta ce mata Allah Ya yi mata gyara, ta sami ƙofar da ta fi ta kowa. Mariyamu ta ce haka ne.

Kullum in ta idar da sallar asuba, kafin ta hura wuta, sai ta zagaya bayan ɗaki ta duƙa ta ɗora tafin hannunta a gindin katanga ta ji ko da danshi. Ko a tsakiyar bazara, ƙasa na ƙuna, sai ta taɓa.